Kwanon da Na Kafa a Kan Kabarinta

Sana'ata rufin kwano ce. A ƙarshen shekarun tamanin da wuya ka bi layi a Kurmin Mashi ba ka ga aikina ba. Ina da wata ɗabi'a: duk kwanon da na yanka sai na naɗe bakinsa da filaya. Na fara haka ne tun ranar da wani guntu da na bari a tsakar gida ya yanki matata a tafin hannu.

Ciwon ƙirji ne ajalinta. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da aka rufe ta, tsohon da ke kula da maƙabarta ya miƙo mini fasasshen tulu in kife a wajen kai, yadda aka saba. Na ce ya bari, zan kawo abin da ya fi shi. Washegari na yanko sabon kwano, na naɗe bakinsa, na rubuta sunanta da baƙin fenti, na kafa.

"To, ɗana," in ji tsohon. "Amma ƙasa ita ta san ƙasa."

Ban sake shiga ba. Nakan bi ta bayan katangar a kan keke, in rage gudu, in yi mata addu'a daga waje. Hankalina a kwance yake cewa alamar tana nan, duk ranar da zuciyata ta yi ƙarfi zan same ta. Damina ta zo ta wuce, wasu suka biyo baya.

Wata rana wani malamin kimiyya da na taɓa yi wa rufi a Malali ya aiko kirana, wai ɗakinsa na yoyo.

"Oga kafinta, kwanon takarda ka sa mini ne?"

"Haba Malam, ai da hannunka ka zaɓo shi."

Ya yi dariya, ya biyo ni kan tsani. Kwanon ya huje kamar rariya, tsatsa ta zagaye kowace ƙusa. Na ce masa wanda mahaifina ya rufa a ƙauye har yau yana nan.

"Ƙauyenku akwai wannan?" Ya nuna hayaƙin masana'antu can hayin kogi, da na manyan motoci a titi, da baƙin da ke tashi daga inda ake babbaka da tayoyi. "Baƙin mai da taya duk akwai farar wuta a cikinsu. In ta ƙone sai ta hau sama, ta haɗu da danshin gajimare, ta zama asid. Ɗan'uwan ruwan batir ne, sai dai marar ƙarfi sosai. Harshenka ba zai ji ba, amma kwano yana ji. Shafen nan mai ƙyalli yake fara cinyewa, sannan tsatsa ta samu ƙofa. Ko ƙirjin mutum ma hayaƙin nan ba ya..."

Sai ya tuna ciwon da ya yi ajalin matata. Ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, don Allah."

"Tulu fa, Malam? Yana cin sa?"

"Abin da ya riga ya sha wuta? Sai dai ya wanke shi."

Na sauko na bar kayan aikina a kan rufin.

Maƙabartar ta cika har ban gane ta ba. Bishiyar da nake kwatance da ita an sare. Fasassun tuluna kuwa suna nan a kife, layi-layi, kowanne a kan mai shi. Tsohon ya ja ni gindin wata darbejiya, inda ya tara kwanuka da yawa.

"Gindinsu ke cinyewa, iska ta kwashe," ya ce. "Ba na zubarwa. Sunayen mutane ne."

Na durƙusa ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Yatsuna ne suka gane shi kafin idona, da suka taɓa naɗaɗɗen baki. Fentin ya tafi duka.

"Baba, a ina ka tsince shi?"

Ya daɗe yana kallon filin. Sannan ya ɗaga hannu ya zagaye wuri mai faɗi.

"Ta wajen nan ne. Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana."

Na bi layukan, duk kabarin da ba alama in tsaya in yi sallama, in yi addu'a, har aka kira la'asar. Kwanon na ɗaure shi a bayan keke na kawo gida. Yana bayan ƙofar ɗakina.

Yanzu kowace Juma'a ina shiga. Daga farkon layi nake farawa, ba na tsallake kowa.