Muzuru Mai Launi Uku

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Dole ta Zinder ya san Ɗanƙarami, in bai san shi ba ya san kyanwoyinsa. Saboda ɓera ya fara tara su a rumfar hatsinsa, daga baya abin ya shiga ransa. Mutum ne mai hannun kyauta, sai dai in ya kafe ko jaki ya sallama masa.

Cikin 'ya'yansa Rahina ce mai kan karatu a lakwal, wato makarantar boko, ta ci jarrabawar birebe ta shiga lise, babbar sakandare. Wata rana ta kai masa fura rumfa, ta tarar yana cika baki gaban abokan hirarsa, wai ɗan kyanwar nan mai ja da baƙi da fari muzuru ne, har ya yi wa Inusa mai gishiri alkawarinsa.

Rahina ta ce, "Baba, ai mace ce. Mushenmu, malamin kimiyya, ya ce a jikin kyanwa ja da baƙi mazubi ɗaya suke zama. Mace tana da mazubin guda biyu, na uwa da na uba, sai ta ɗauki launin duka. Namiji ɗaya gare shi, ko ja ko baƙi."

Inusa ya ɗaga wutsiyar ya duba, ya kece da dariya. "Yau 'ya ta koya wa uba sana'arsa!"

Kunya ta rufe Ɗanƙarami, ya miƙe tsaye. "Wallahi ba ki ƙara taka lakwal sai na nuna miki muzuru mai launi uku!"

Magana zarar bunu. Limamin unguwa ya ce masa abin mai sauƙi ne, ya ciyar da miskinai goma, kaffara ta wanke rantsuwa. Ga buhunan gero jibge a bayansa, amma ya ƙi, don a ganinsa yin kaffara yarda ce cewa yarinya ta fi shi. Ya shiga aike ƙauyuka, daga Gidimuni har Zermu, ana kawo masa kyanwoyi a kwando. Duk mai launi uku da ya juya, mace. Rahina kuwa ta zauna rumfa tana yi masa awo da tiya, har ta auri wani tela, Yusufu, ta tare. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, wannan shirun nata ya fi komai cin ransa.

Sai da gemunsa ya yi fari tas, Inusa ma ya riga mu gidan gaskiya, sannan wata baƙar kyanwa ta haihu bayan buhuna, cikin 'ya'yan har da mai launi uku. Ya juya mai launi ukun don sabo kawai, sai ga shi namiji. Ya tura shi aljihu ya nufi gidan Rahina, har da ɗan gudunsa.

Ya same ta tana wanki, da goyo a baya. Ta goge hannu ta duba.

"Namiji ne, Baba. Akan samu jefi-jefi, ɗaya cikin dubbai. Ka yi gaskiya."

"To, rantsuwa ta warware," in ji shi. "Gobe ki koma lakwal."

Ta yi murmushi, idonta ya ciko. "Wane aji, Baba? Babbar 'yata ce za ta rubuta birebe bana."

Ɗanƙarami ya zauna a kan turmi, ɗan muzurun na ƙoƙarin sauka daga cinyarsa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne mahaifiyarsa.