Ranar da Na Rufe wa Mota Ido

Shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙa Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta a Tarauni, ban taɓa goge mata ko fenti ba. Duk wanda ya zauna da ni a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ya ji wannan kirarin har ya ishe shi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne idona na hagu ya fara yana. Direba mai ido ɗaya, wa zai ba shi makulli?

Sai ɗanta ya aiko mata da mota daga waje. A saman gilashin gaba, bayan madubi, akwai 'yan kyamarori biyu. Ya yi min bayani ta waya: kamar idon mutum suke, kowace na gani ta nata gefen, motar ta haɗa hotunan ta gane nisan abin da ke gabanta, in ya yi kusa ta taka birki da kanta. Na ce to. A raina na ce yaro man kaza, ni za a koya wa nisa?

Ai kuwa na ga ta kaina. A titin gidan zu, inda kowa ke shinshinar bayan na gabansa, sai motar ta yi ƙara ta ci birki, Hajiya ta dungura gaba. 'Yan adaidaita suna leƙowa: "Baba, koyo kake? A rataya maka jan kati mana!" Wallahi raina ya ɓaci. Da furfurata, ƙarfe yana yi min gyara a bainar jama'a.

Na sayo sitika mai "Masha Allah", na manna daidai kan kyamara ɗaya. Ɗaya tak, don ni mai adalci ne: a rage mata gani, ta rage iyayi. Hajiya ta hango ta daga baya ta ce, "Madalla, maganin bakin mutane." Motar ta kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, ta rubuta Turancinta, ta yi shiru. Kwana uku ina fantamawa.

Rana ta huɗu, a hanyar Darmanawa, ga ɗan garuwa yana tura kurarsa a gabana. Na rantse da sauran tazara. Garam! Jarkoki suka tarwatse, ruwa ya wanke mana gilashi. Shi dai Allah ya tsare, ya yi tsalle gefe yana salati.

Hajiya ta fito, ta ba shi haƙuri, ta tabbatar ko ƙwarzane bai yi ba. Sannan ta ƙura wa sitikar ido, ta ga inda na ɗora ta. Ta sa farce ta ɓanɓare, ba ta ko ɗaga murya ba. Ni kuwa har na fara jero hujja: rana ce ta haske ni, kurar ce ta ja baya.

"Malam," ta ce, "rufe idonka na dama. Yatsu nawa na ɗaga?"

Na rufe. Hazo kawai nake gani. Kunya ta rufe ni, na tabbata yau aikina ya ƙare, na miƙa mata makulli.

Ba ta karɓa ba.

"Tun azumi nake miƙo maka shi kana cafkar iska. Me zan yi da sabuwar mota a shekaruna? Ni na ce wa ɗana ya nemo mai ido, don kada in raba ka da sitiyari. Gobe asibiti za mu, kuma a adaidaita."