Ƙafa Sama da Mangwaronsa

Mai facin taya na layinmu ya samu sunan Ƙafa Sama ne da safe, daidai lokacin da iyaye ke raka yara makaranta, wato lokacin da ba a rasa 'yan kallo. Ya jera tsofaffin tayoyin babbar mota, ɗaya kan ɗaya, sun kewaye wani ɗan dashen mangwaro a bakin shagonsa don kada awaki su cinye. Sai ya hango ciyawa a gindin dashen. Maimakon ya sauke tayoyin kamar mai hankali, ya zura kai, ya zura kafaɗu, ya miƙa hannu ƙasa. Tumbi ya biyo baya ya cika bakin taya dam, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Abin da muka tarar ke nan: ƙafafu biyu suna wutsil-wutsil a sama, silifa ɗaya ya tashi ya faɗa bahon da yake gwada taya a ciki. Tela ya kama ƙafar dama, mai aski ya kama ta hagu, sauran jama'a suka rungume tayoyin. Daga can ciki murya ke fitowa kamar ta wanda ya faɗa rijiya, kuma ba taimako yake nema ba.

“Ku ja a hankali, kada ku karya mini ganye.”

Da aka zaro shi, matarsa na tsaye da tsintsiya a hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, “Malam, da ka ce za ka yi dashe, ban san da kanka za ka fara ba.”

Ya kakkaɓe riga, ya sake leƙawa ya tabbata ganyen yana nan.

Shi dai ba yau ya fara wannan taurin kai ba. Sa'ad da ya zo layin nan yana saurayi, ba shi da shago, sai famfon iska da akwatin kayan aiki, a gindin wata ƙatuwar bishiya da ba wanda ya san wa ya dasa ta. A inuwarta ya koyi aiki, a nan ya fara ganin matarsa tana wucewa. Da aka zo faɗaɗa hanya aka sare ta. Tun daga nan layin ya zama kamar kasko. Ya haƙura shekara da shekaru, har ranar da 'yarsa ta kawo masa jikarsa tana koyon tafiya. Yarinyar ta taka ƙasar bakin shago ba takalmi, ta ƙwalla ƙara, ta ɗaga masa ƙafa. Washegari ya fara haƙa rami.

Dashe na farko awaki suka cinye. Na biyu mai babur ya taka. Daga nan ya kawo dabarar tayoyi, yana ta cika mana baki cewa an gama. Ruwan bahonsa ba ya zubarwa a kwata, da yamma sai ya juye wa dashen. Duk da haka ganye ya yi ta ƙonewa, dashe bayan dashe. Ya zargi ƙasa, ya zargi mai sayar da irin, har mu ya zarga da mugun baki. Sai wata rana da tsakar rana ya dafa tayar zai miƙe, ya janye hannu ba shiri. Baƙar roba ce ke shan rana tana dafa masa 'yan itatuwa a ciki. Mutumin da ya tsufa a kan taya, taya ce ta yi ta cin amanarsa.

Da wani ne, da ya bari. Shi kuwa ya roƙo ragowar farin fenti, ya shafe tayoyin tas, ya huda su ta gefe don iska ta shiga. Wannan dashen da ya kusa binne shi da rai, shi ne ya rayu. Ya yi tsawo har ya leƙo saman tayoyi, jikar kuma takan zo ta tsaya kusa da shi su gwada tsawo.

Ana nan sai mai ginin da yake haya a ciki ya tsufa, ya miƙa wa ɗansa ragamar komai. Ɗan kuwa mai son tsari ne, kullum makullin mota na kaɗawa a yatsa. Ya zo ya ce zai malale gaban shagunan duka da siminti, masu mota su samu wurin ajiyewa.

“Baba, wannan tarkacen dole ya tashi.”

“Ɗana, wanne ne tarkacen?”

“Tayoyin, da sandar da ke ciki.”

“Ubanka ne ya ba ni izinin dasa ta. Ka bar mata ɗan gurbi, ka zuba simintinka a kewaye.”

“Gurbin mota guda za ta ci. Kuma Baba, tsakani da Allah, yaushe za ta yi inuwa? Da waɗanne haƙora za ka sha mangwaron?”

“Na ce maka ni zan sha?”

Ɗan mai gini ya yi dariya ya tafi. Matar Ƙafa Sama ta yi ta lallashinsa a gida. “Malam, shagon haya ne. In ya kore mu fa?” Ya ce in an kore shi zai koma yadda ya fara, da famfo da akwati, amma a gindin wannan bishiyar.

Da safe motar yashi ta sauke kaya. Magini ya iso da leburorinsa, da diga da shebur. Ƙafa Sama na zaune yana shan shayi. Ya ƙarasa shayinsa, ya cire silifa ya ajiye a gefe ɗaya, ya taka kujera ya hau saman tayoyin. Wannan karon da ƙafa ya fara. Ya sulale a hankali kusa da karan bishiyar, har tumbi ya zauna a inda ya saba. Ya rungume mangwaronsa, ganye na shafa masa gemu.

Layi ya cika. Tela ya bar keke, mai aski ya fito da wani da rabin kai a aske. Magini ya jingina digarsa ya ce shi kam ba a ɗauke shi aikin tonon dattijo ba. Matar da ta kwana tana lallashi ta jawo benci ta zauna a gabansa, ta ɗora jikar a cinya.

Ɗan mai gini ya zo yana huci. “Baba, ka fito da girmanka. Kada ka sa in ce a ciro ka.”

Tsohon ya gyara riƙon bishiyarsa. “Bismillah, ɗana. Amma ka tambayi tela. Wancan karon duk layin nan ne ya taru kafin in fito, kuma a lokacin ina son fitowa.”