Lambun Sahadatu da Karnukanta Uku

A Zangon Kumasi aka haifi Sahadatu, a nan ta yi aure, a nan kuma ta shekara ashirin tana sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida. Uwarta 'yar ƙasa ce, mutuniyar Tamale, don haka ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda. Mijinta Boukari kuwa daga Tawa ta Nijar ya zo tun yana saurayi, ya zama dillalin shanu. Yana da wani fili a bakin rafi, can gaba da Sofoline, wanda sarkin ƙauyen ya ba shi, inda shanun fatake ke hutawa kafin a shiga da su kasuwa.

Ana cikin azumin 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Boukari ya nemi takarda bai samu ba, sai ya lafe a ɗaki yana jiran ƙura ta kwanta. Mutum ɗaya ya san yana nan, abokin sana'arsa Gariba, wanda kullum tare suke buɗe baki. Ranar da 'yan sanda suka zo, Sahadatu tana kwashe shinkafa ta hangi Gariba a bakin lungu yana nuna musu ƙofar da haɓa. Aka ɗora Boukari a lori da rigar jikinsa kawai. Bayan salla labari ya iso cewa zazzaɓi ya kashe shi a bakin iyaka. Kafin wata ya zagayo, duk fataken da ke sauka wurinsa sun koma hannun Gariba.

Sahadatu ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba. Tana fita takaba ta ɗaure kayanta, ta bar wa ɗiyarta Azaratu gidan, ta koma filin nan. A can ta tarar da karnuka uku da wani maigadi ya gudu ya bari, duk haƙarƙari a waje. Ta ciyar da su har suka murmure, suna bin ta duk inda ta sa ƙafa. Mutanen Zango suka yi ta surutu, wai mace mai salla ta zauna da karnuka a daji. Ko a jikinta. Ƙasar ta sha kashin shanu shekara da shekaru, komai ta shuka sai ya yi: kuɓewa, gauta, tattasai, alayyafo, har da rogo a gefe. Lambun ya yi girman da sai ta yi hantsi ba ta gama zagaya shi ba.

Gariba ya ci gaba da kawo shanu rafin. In ya zo sai ta ɗaure karnukan, ta gaishe shi, wani lokaci har ta tsinko masa tattasai. Ya saki jiki, ya ɗauka ba ta san komai ba. Ita kuwa ƙidayar shanun take yi da ido, tana ganin ba su kai yawan da take jira ba tukuna.

Da azumi ya sake zagayowa, ya iso da garke mafi girma da ya taɓa riƙewa, shanu tamanin na fatake uku, a gajiye, a firgice da baƙon wuri. Sahadatu ta jira suka duƙufa kan ruwa, sannan ta kwance wa karnukan igiya ta yi musu fito. Garken ya watse. Wasu suka karye a kwazazzabo, sauran suka afka gonakin koko da na masara na mutanen ƙauyen. Kwana huɗu ana tattara su. Aka gurfanar da Gariba gaban sarki, fatake kuma suka rantse ba su ƙara ba shi ko akuya.

Bayan mako biyu ya zo da wani dattijon Zango, Baba Seini, ya tsaya nesa da shinge saboda karnuka. Dattijon ya yi ta ba ta magana, ya ce ta dubi Allah ta je ta gaya wa fatake tsautsayi ne.

"Baba, ba tsautsayi ba ne," in ji ta. "Da hannuna na kwance su. Malam Gariba, ranar nan ina ƙofar gida, na gan ka."

Baba Seini ya dubi Gariba ya daɗe, sannan ya saɓa sandarsa ya kama hanya shi kaɗai. Kafin la'asar Zango duk ta ji.

Gariba bai kai ƙarshen shekara a Kumasi ba, aka ce ya koma Techiman yana dako. Azaratu ta zo ta roƙi uwarta ta dawo gida tunda abin ya wuce. Sahadatu ta ce ta tafi dai, ita kuɓewarta ta isa tsinka. Da yarinyar ta tambaye ta ko yanzu zuciyarta ta yi sanyi, sai ta ce a'a, amma tana iya cin abinci.