Ƙahonnin da ke jirgin Baba Mamman

Yau da safe ina wanke kaskon suya, Inna ta shigo ta tsaya a kaina ta ce, "Hindatu, Baba Mamman ya rasu." Ya yi sallar asuba, ya jingina da bango, shi ke nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san ni, ba na rubutu a nan sai ɗora hoton littafi. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Inna: ƙahonnin nan biyu da ke jikin jirgin Baba, ni na ɗaura su. Kuma na shiga jirgin, har tsakiyar dam.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Mamman masunci ne a dam ɗin garinmu, shi ke ba Inna kifin da take soyawa a bakin titin Sheme. Ni ake aika in karɓo. Ina zuwa da wuri in ɓuya gindin giginya da littafin soyayyata. Shi ya sa mani suna Malama.

"Malama, yau wa ke kuka a ciki?" Kullum gaisuwarsa ke nan. Ni kuma in rufe fuska da hijabi.

Su biyu ne a jirgin tun ina ƙarama. Baba a baya yana tuƙi da filafili, amininsa Baba Sale a gaba yana riƙe da gorar fatsa. Tun suna yara suke tare, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu, lokacin da mahaifin Baba ke ɗaukarsu zuwa gulbi, ba a ma yi dam ɗin ba.

Bara waccan Baba Sale ya rasu. Bayan nan hawan jini ya taɓa hannun Baba na hagu.

Da ya koma ruwa shi kaɗai, sai jirgin ya ƙi shi. Akwai batirin mota da yake kunna fitila da shi in ya yi sammako, yana ajiye a baya kusa da ƙafarsa. Shi a baya, batir a baya, gaba ba kowa. Hancin jirgin ya ɗaga sama, ruwa yana leƙowa ta baya. Ga hannu ɗaya, ko ya riƙe gora ko ya riƙe filafili.

Babban ɗansa, Yaya Lawal, ya ga haka da idonsa. Ya ɗauke filafilin ya kulle a ɗakinsa. Ban ga laifinsa ba.

Amma Baba bai daina zuwa bakin dam ba. Sai ya zauna kusa da jirgin yana kallon ruwa, ba kifi, ba tsokana. Har littafina ya daina tambaya. Wannan ya fi komai damuna.

Wata rana ya ce, "Malama, zo nan. In kun je Sheme ran kasuwa, ki ce ma mahauta Mamman na son ƙaho biyu. Na bijimi hwa, ba na maraƙi ba."

Ni da ko gishiri ba na iya tayawa, na tsaya gaban mahauta na faɗi saƙon. Suka yi ta dariya, wani ya ce ko amarya za ta yi tsafi ne. Amma da suka ji sunan Baba suka zaɓo masu kyau.

Ya sa na ajiye su a gidan tururuwa har suka cinye abin da ke ciki tas. Sannan muka gasa ƙusa a wuta muka huda tsinin kowanne, don in ruwa ya shiga ya zube. Ya ce haka mahaifinsa ya yi wa jirginsa da tsufa ya zo mashi, ƙahon ya riƙe gora, mutum ya riƙe filafili. Yana yaro ya gani, bai taɓa zaton zai buƙata ba.

Na farko da na ɗaura, bakinsa cikin jirgin yake kallo. Baba ya zura gora, ta tokare mashi hula.

"To, Malama, ni za ki kama ko tarwaɗa?"

Ranar na fara jin dariyarsa tun rasuwar Baba Sale.

Na kwance na sake, bakin yana kallon ruwa, ya ɗan karkata sama. Muka kafa da ƙusa, na naɗe da robar tayar keke. Robar ta ƙare kafin na gama na biyun, sai na ciro jan zaren da nake saƙa da shi daga jaka na ƙarasa.

Sai batir. Baba ya ɗora ƙwarya cike da ruwa a tsakiyar jirgin, ya ce ita za ta gaya mana gaskiya. Ya shiga mazauninsa, ruwan ƙwaryar ya gangaro baya. Ya ce, "Zamna wurin Sale." Na zauna. Ruwan ya daidaita.

"Kin ga? Dama Sale bai fi ki nauyi ba. Ƙashi ne da surutu."

Batirin bai kai mutum nauyi ba, don haka ajiye shi a wurin zaman Baba Sale bai isa ba. Na fita na tsaya cikin ruwa ina tura shi gaba kaɗan-kaɗan, Baba yana kallon ƙwarya yana cewa ƙara, ƙara, har ya kai can ƙuryar hanci. Nan ruwan ya tsaya cak. Muka kafa mashi katako don kar ya zame, na haɗa ƙarin waya ta bi gefen jirgin zuwa fitila, muka lulluɓe shi da leda. Da sanda ya tura mu tsakiyar dam don gwaji. Ban buɗe ido ba sai da ya ce in duba gari daga nan.

Washegari ya kira Yaya Lawal. Ina gindin giginya, littafi a fuska, ba na ganin ko harafi. Yaya Lawal ya shiga, ya girgiza jirgin, ya ja ƙahonnin da ƙarfi, ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya juya ya tafi. Can sai ga shi da filafili a kafaɗa.

Baba ya samu damina guda da rani guda a kan ruwa. Duk sammako, kafin ya tura jirgi, sai ya dubi batirin ya ce, "To Sale, mu tafi."

Na karanta littattafai ban san iyaka ba, masu motoci da furanni. Ban taɓa cin karo da wannan a cikinsu ba.

Ganinmu na ƙarshe, ya zaɓo karfasa ɗaya ya ware daga na Inna, ya ce tawa ce, kar in bari a sayar. Ya nuna littafina da haɓa. "Sun yi aure ko har yanzu?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "In sun yi ki gaya mani."

Matarsa, Iya Hajjo, ta sha tambayarsa wa ya ɗaura mashi jan zare a jirgi kamar kayan amarya. Sai ya ce wata malama ce. Ya san kunyata, bai taɓa faɗin sunana ba.

Tun ɗazu na rubuta wa Iya takardar gaisuwa, don na san in na shiga cikin mata bakina ba zai buɗe ba. Sai yanzu na tuna Iya ba ta karatun boko. In na miƙa mata, sai na zauna na karanta da bakina.

Zan kai mata bayan la'asar.

Allah Ya gafarta wa Baba Mamman, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da Baba Sale a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko bai taɓa cin kifinsa ba.