Jar Motar Abokina da Birkin Tangaran

Can shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Malumfashi, na yi kusan shekara guda ina wahalar motar da ba tawa ba.

Ta abokina ce. Tare muka tashi a Gozaki, gidansu yana kallon namu. Shi Musulmi, ni Kirista, kuma ban taɓa tuna ranar da hakan ya hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Da muka girma ya shiga harkar hatsi, yana saye a ƙauyuka yana kaiwa Funtua, Allah kuma ya buɗa masa. Ana cikin haka matarsa ta rasu. Tana dawowa daga Zariya a motar haya, birki ya ƙi a wata gangara, motar ta shige ƙarƙashin tirela. Ta bar masa 'ya mace guda, ba a daɗe da yaye ta ba.

A zaman makoki ban ga hawayensa ba. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce an gode, ya sunkuyar da kai. Bayan sadakar arba'in ya kai yarinyar wurin mahaifiyarsa a Gozaki, ya tafi Legas, ya dawo da wata mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya ƙwarai, sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai kafin ka shiga.

Na ce, "Mutumina, wannan fa? A nan za ka loda masarar?"

Ya ce, "Injinta lafiya lau. Cikinta ne ya mutu. Gyara za mu yi."

Wannan "za mu" ɗin ita ta cinye mini shekara.

Aka fara da kujeru. Ya sa aka kwance su, muka je Kano muka sayo fata, muka kawo wa wani mai ɗinkin kushin a Funtua. Ya ce baƙar fata yake so, da jan zare a gefe. Mutumin ya ɗinka, abokina ya shafa da yatsa ya ce layin ya karkace, a warware. Aka warware, aka sake, ya ce zaren ya cika haske. Daga kujeru aka koma sitiyari, shi ma aka naɗe shi da fata. Sai rufin ciki, sai kafet, sai wasu ƙananan fitilu a ƙarƙashin dashbod, can gaban direba, waɗanda har yau ban san amfaninsu ba. Ni da kujerar babur ɗina da roba take ɗaure, ni ake miƙo wa ƙyalle biyu baƙaƙe a ce in zaɓi wanda ya fi baƙi. Kuma in tsaya in yi ta dubawa da gaske kamar na san abin da nake yi.

Amma duk wannan wasa ne a kan maganar birki. Ya gano akwai wani iri da ake kira siramik, wanda ake haɗawa da wani abu dangin tangaran. Makanikai suka sa masa suna birkin tangaran, suna dariya. Shi ko a jikinsa. Da mun zauna zai fara.

"Malam, ba ya ƙara. Ba ya tara baƙar ƙura a jikin taya. Ba ya saurin cinyewa. Ka san na gama-gari in ya ɗauki zafi sai ya saki? Ka taka, ka taka, babu komai a ƙarƙashin ƙafarka. Wannan ba ya haka."

Na ji wannan bayani a gareji, na ji shi a wurin mai shayi, na ji shi a layin gidan mai. Na haddace shi fiye da darasin da nake koyarwa. Na san abin da ke ƙarƙashin maganar, kowa ma ya sani, amma shi bai taɓa ambaton matarsa ba, ni kuma na rasa ta inda zan shiga.

Ranar Lahadi ina fitowa daga coci zan hango shi a gindin bishiya yana jirana. Matata ta gaji. Wata rana ta ce, "Baban yara, shin kai ma motar ce ta aure ka? Gonarka ciyawa ta kusa rufe masara." Gaskiya ta faɗa. A daminar nan sai kuɗin ƙwadago na yi ta biya, ban yi noma da hannuna ba.

Sai mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, yarinyar tana jingine da bayanta.

Ta ce, "Ɗan nan, kai kaɗai yake saurara. Tun da ya ajiye yarinyar nan bai zauna ya ɗora ta a cinya ba. Aike kawai, shinkafa da sabulu. Ta fara magana, ƙanensa take kira Baba. Ka yi masa magana don Allah."

Na ce, "To, Inna, zan gwada."

Na gwada. Na same shi a gareji kwance a ƙarƙashin motar, na tsuguna na ce, "Na je gida. Yarinya ta fara magana fa." Ya ci gaba da aikinsa kamar bai ji ba. Can ya ce, "Miƙo mini sufanar can." Na miƙa masa. A ranar na hau babur na koma Malumfashi da niyyar ba zan sake zuwa ba. Da Asabar ta zagayo ya kira, na ga sunansa a waya, na yi tsaki, na ɗauka.

Birkin bai iso ba sai da kaka. Aka ɗaura, ya ce in zo mu gwada. Muka hau titin Funtua zuwa Malumfashi da hantsi, gefe da gefe an yanke dawa an jera dammuna. Da muka samu inda hanya ta miƙe ba kowa, ya taka totur. Bayana ya manne da sabuwar fatar nan, na kama addu'a a bayyane, ba kunya. Sai ya danna birki. Bel ɗin kujera ya riƙe ni a ƙirji, motar ta tsaya cak, ba ƙara, ba karkacewa.

Ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani."

"Shi ke nan fa abin da ake nema. Ta tsaya kawai. Da ta tsaya..."

Bai ƙarasa ba. Ya kifa goshinsa a kan sitiyarin, ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Wasu mata masu sussuka a bakin hanya suka dakata suna kallonmu. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, an faɗa masa wannan har ya ishe shi. Na miƙa hannu na kashe injin, na zauna.

Da ya lafa ya share fuska da hularsa ya ce, "Tuƙa mu gida."

Na tuƙa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka sauka daga kwalta, ƙarƙashin motar ya fara gogar ƙasa, dole muka bar ta a ƙofar wani mai faci muka hau acaɓa zuwa Gozaki. Yarinyar tana ganinsa ta ruga ta ɓuya a bayan kakarta. Bai matsa mata ba. Ya nemi tabarma ya zauna daga nesa. Na baro shi a nan zaune, bai koma Funtua ba sai da aka gama shigar da amfanin gona.

Motar daga baya ya sayar wa wani a Kaduna. Ya sake aure, yarinyar tana hannunsa, yanzu har ta shiga sakandare.

Mutane kan ce na yi ƙoƙari. Ni dai ban ga dabarar da na yi ba. Ban faɗi wata magana da ta juya shi ba, wadda na gwada ma ba ta shiga ba. Abin da na sani shi ne zama kusa da mai baƙin ciki aiki ne mai cin rai, kuma yawancinsa ba kuka ba ne, surutu ne a kan abin da bai dame ka ba. Sau da yawa na je ne ina ƙunƙuni, na dawo ina ƙunƙuni. Da za a ce in sake, ban tabbata ina da wannan ƙarfin yanzu ba. Amma na san idan wayar ta yi ƙara zan yi tsaki, sannan in ɗauka.