Sandar da Baba Ya Kankare wa Tsuntsu

Abin ya yi wuya, ba zan yi maka ado ba. Na yi dako lokacin da nake da ƙarfi, na tsaya cikin zafin rana a gindin dutsen Uhudu ina sayar wa alhazai tasbaha da dabino har fatar ƙeyata ta ƙone, amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin sandar nan ba. Kuma sanda ce da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya.

Har yau idan na wuce gidan wasa na ji ƙwallayen biliyardo, abin da mutanen Najeriya ke ce wa sinuka, suna karo da juna tas, tas, sai bakina ya yi ɗaci.

A unguwar Ƙurban ta Madina muka tashi, cikin gida mai ɗaki huɗu da kakanmu ya gina bayan ya zo aikin hajji da ƙafa, bai koma ba. Mu uku ne: Yaya, wadda ita ce mace, ni, da ƙanenmu. A lokacin gonakin dabino suna bayan gida. Da bazara iska takan zo kamar daga bakin tanda, Inna ta jiƙa buhu ta rataya a taga, mu kwanta a kan siminti muna jiran dabino ya fara nuna. Da sanyi kuwa gawayi ne a kasko, da shayin na'ana, da tarin Baba.

Baba shara yake yi a sansanin wani kamfanin Turawa can wajen filin jirgi, bayan iyakar harami, inda ba a hana su zama. Suna da ɗakin wasa, shi ke goge teburin. Da kamfanin ya tashi, wani tsohon Bature ya miƙa masa sandarsa ta biliyardo cikin kuben fata, ya ce ta ubansa ce, ya riƙe ta da kyau. Baba ya ce don ya ga amanarsa ne. Inna ta ce wurin sa ta a akwati ya rasa. Allah ne masani.

Gaɓa biyu ce, ana murɗa ɗaya cikin ɗaya. Gindin baƙin itace ne mai nauyi, da wasu tsinaye huɗu kamar masu, an dasa musu farin hauren giwa. A can ƙasa akwai wani ɗan tsuntsu da aka zana, bai fi farce ba, da rubutun boko a ƙarƙashinsa. Ran Juma'a bayan an sauko, Baba yakan sauko da ita daga saman ƙofa, ya shimfiɗa tsumma a cinya, ya shafe ta da man zaitun tun daga kai har gindi. Ƙanshin man da na tsohuwar fatar nan su ne Juma'ar yarintata. Ba mai taɓawa sai Yaya, ita ma da wankakken hannu.

"Kun ga wannan?" yakan ce. "Ranar da duniya ta juya muku baya, wannan gida ce."

Babu wanda ya taɓa buga ƙwallo da ita a gidanmu. Ba mu ma san yadda ake riƙe ta ba.

Da gwiwoyin Baba suka gaza, mustashfa, wato asibiti, ta ba shi sandar ƙarfe. Ya ce shi ba zai shiga Masallacin Ƙuba da sandar marasa lafiya ba alhali yana da ta sarauta a ɗaki. Ya kai wa kafintan unguwa, aka yanke siririn bakin daidai tsayinsa, aka buga masa roba da ƙusa, aka zuba wa sandar baki ɗaya man ƙyalli. Ta yi kyau kuwa. Tsofaffi suka riƙa tambayarsa inda ya samo.

Wata rana wani maƙwabcinmu, dattijo mutumin Sudan, ya ga sandar kwance a gaban sahu. Bayan sallama ya ɗauka ya duba, ya ce wa Baba, "Ya Haj, da surar mai rai kake shigowa ɗakin Allah?" Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya karɓi reza wurin Inna ya zauna a tsakar gida yana kankarewa. Ya cire tsuntsun, ya bi rubutun ma ya cire, don bai san abin da ya ce ba, kada ya zama saɓo ne. Inna ta ce kada ya ɓata ta.

"Ko an goge wa saniya shaida nononta na nan," in ji shi. "Ga itace, ga haure. Me ya ragu?"

Duk muka yarda. Wa zai ce a'a?

Yaya ce ta yi jinyarsa har ya cika. Da aka zauna rabon gado, ita tana gidan mijinta can wajen filin jirgi, ba ta da matsalar wurin kwana. Ta ce mu maza mu riƙe ɗakunan, biyu-biyu, ita a bar mata sandar, tunda Baba ya ce gida ce. Malamin da ya raba ya tambaye ta sau da yawa ko ta yarda. Ta ce ta yarda. Aka shafa fatiha. Babu wanda ya ce a kai ta a yi mata kuɗi tukuna. A wurinmu maganar uba ta fi ma'auni.

Bara mijinta ya rasu. Gidan na haya ne, 'ya'yanta mata duk suna gidajen mutane. Mai gidan hayar ya yi haƙuri iya haƙurinsa, sannan ya ce ƙarshen wata. Ta kira ni, ta miƙo mini kuben.

"Kai yaro," har yau da furfurata haka take ce mini, "je ka gano mini kuɗinta. Ba gida nake nema ba. Ɗaki ɗaya da bayi ya ishe ni."

Na yi yawo. Masu sayar da kayan tarihi a kasuwa suka ce ba layinsu ba ne. Samarin gidajen wasa suka yi ta dariya, ɗaya ya ce, "Ya ammi, wannan ta korar awaki ce?" Daga ƙarshe aka nuna mini wani mutumin Filifin, mai gyaran sanduna a bayan wani gidan wasa, aka ce idan bai sani ba babu mai sani a Madina.

Da ya zare gindin daga kube, sai da ya tashi tsaye. Ya kunna fitila, ya bi tsinayen nan huɗu da ɗan yatsa, ya kwance gaɓar ya leƙa zaren ƙarfen, ya ɗora a sikeli. Sai ya zaro ɗaya gaɓar, ya ga roba da ƙusa. Ya haɗa su ya gangara a kan tebur, sandar ta tafi tana ɗingishi. Man zaitun na shekaru ya shiga itacen ya karkatar da shi. Sannan ya juya gindin yana neman wani abu, ya tarar da rami fari.

"Sadik," ya ce, wato aboki, "wa ya yi wannan?"

"Babana."

"Don me?"

"Don ya shiga masallaci."

Ya dube ni, ya dubi ramin. Ya yi mini bayani da guntun Larabcinsa. Ya ce aikin tsoho ne, aikin hannu, na gwani. Ya nuna mini wasu masu kama da ita a waya, ya ce irinsu kan sayi mota sabuwa. Amma masu sayen irin wannan ba itace suke saye ba. Suna sayen sunan wanda ya yi ta, da tsayin da ya bar ta, da fentin da ya shafa da hannunsa. Suna ya tafi, tsayi ya tafi, fenti na kafintan Ƙurban ne. Hauren ma ya ce masifa ne, ba mai yarda ya tsallaka iyaka da shi.

"To yanzu nawa?" na ce.

"Sandar, ba zan saya ba. Kuben, in kana so, zan ba ka kuɗin buhun shinkafa."

Na mayar da komai ciki na fito.

Ban iya zagaye-zagaye ba, don haka na faɗa wa Yaya yadda aka faɗa mini. Tana tankaɗe gari, ba ta daina ba. Can ta ce, "Da bai kankare ba, da gaske gida ce?"

"Mota, ya ce."

"To bai yi ƙarya sosai ba." Ta karkaɗe rariya. "Allah ya ji ƙansa. Ya shiga masallaci da ransa kwance."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na sami ƙanenmu na ce a sake zama, rabon nan bai rabu ba. Ya ce, "Ya akhi, halas. Ita ta zaɓa, an yi fatiha. Ina zan kai yarana?" Yaran suna nan zaune, kowa da waya, suna jin Hausar sarai, babu wanda ya ɗaga kai. Matata ma da na taɓa mata zancen ta ce ɗaki biyu da mutum shida, ina za a sa ta bakwai, a kan firji?

Ba na zagin kowa. Ƙurban ɗin da muka sani babu ita. Inda dabino yake yanzu benaye ne da wurin ajiye motoci, ɗakin da kakanmu ya gina da laka kuɗin hayarsa ya fi abin da nake samu. Dattawanmu da hannu suke sanin darajar abu: su ɗaga su ji nauyi, su shinshina, su ƙwanƙwasa. Duniyar yanzu ba ta ɗaga komai, tambari take nema. Baba ya kula da sandar nan fiye da yadda ya kula da haƙoransa, kuma duk abin da ya yi mata don ƙauna da tsoron Allah, shi ya cinye ta. Na rasa wanda zan ji haushi.

Washegari ban buɗe rumfata ta kasuwa ba. Na fitar da kujerun falo na jingine su a tsakar gida, na hau da katifata da ta 'ya'yana maza soron sama, matata tana tsaye a ƙofa tana faɗin abin da take faɗi. Na ari motar ɗaukar kaya wurin maƙwabcin rumfata, na kama hanyar filin jirgi. Na tarar da Yaya tana shan shayi. Na ce ta ƙarasa, falona ya zama ɗakinta, ni zan fara lodi da gado.